Yadda ake gane ekineshiya ta ƙwarai, da yadda ake shan ta lokacin mura

Wata Asabar cikin watan Yuni, ana tafka ruwan nan na Legas da ba ya ɗaukewa sai ya ga dama, kawuna ya shigo ɗakina a Agege, ƙafa duk taɓo, ya zaro wata farar kwalbar roba daga aljihun rigar ruwansa. Gadi yake yi a wani gida a Ikeja. Kwana biyu ke nan yana atishawa a bakin get, sai matar gidan ta tausaya masa ta miƙo masa kwalbar, ta ce tsarabar Turai ce, tana ƙara ƙarfin jiki. Ya dire ta a kan tabarma ya ce, "Ɗana, kai da ka yi boko, duba min wannan. Na ga fure a jiki, kada in je in sha maganin mata."

Furen ruwan hoda ne mai duhu, ganyayensa sun rusuna ƙasa, tsakiyarsa ta yi tozo mai ƙayoyi kamar bayan bushiya. A ƙarƙashi an rubuta Echinacea, wato ekineshiya. Na ce, "Kawu, ba na mata ba ne, na mura ne. Amma ku dakata tukuna, kada ku haɗiya."

Irin wannan kwalba ta fara yawa a hannun mutanenmu. Wani uban gidansa ne ya ba shi, wani ya gan ta a babban kemis, wani kuma a kwalin ganyen shayi. Hanyar da na bi da kawu ranar, da abin da na ƙara sani daga baya, su zan shimfiɗa a nan.

Ekineshiya ba ta da sunan Hausa, don ba tsiron ƙasarmu ba ce. Gidanta Arewacin Amurka, musamman faffaɗan filayen ciyawa na tsakiyar nahiyar, daga Texas har kudancin Kanada, inda ɓauna ke kiwo a da, itace sai jefi-jefi, sanyi kuma har da ƙanƙara. Wani Bajamushe masanin tsirrai, Moench, shi ya raɗa mata wannan suna a 1794, daga kalmar Girkanci mai nufin bushiya. Danginta kuwa muna da su a gida, domin gidansu ɗaya da shuwaka da tazargade da latas. A riƙe wannan, zai yi mana amfani nan gaba.

'Yan asalin ƙasar, irin su Lakota da Omaha da Pawnee da Cheyenne, sun daɗe suna tauna saiwarta don ciwon haƙori da na maƙogwaro, suna kuma ɗora ta a kan ƙuna da saran maciji. A 1805 matafiya Lewis da Clark sun aika wa Shugaban Amurka Jefferson saiwar, tare da bayanin cewa ana yabon ta kan cizon mahaukacin kare da na maciji. Daga baya wani mai suna Meyer a jihar Nebraska ya mayar da ita haja, yana sayar da ruwanta da sunan mai wanke jini. Har wasiƙa ya rubuta wa likita John King da mai haɗa magunguna John Uri Lloyd a birnin Cincinnati, yana cewa a kawo maciji ya sare shi a gabansu, ya warkar da kansa da maganin. Ba su yarda ba. Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Oshodi, mai tallar magani ya miƙe tsaye ya fara rantse-rantse, ya san irin Meyer. Duk da haka saiwar ta samu shiga kundin magunguna na Amurka daga 1916 zuwa 1950, kafin magungunan kashe ƙwayoyin cuta su ture ta gefe. Jamusawa ne suka raya ta. A ƙarshen shekarun 1930 Gerhard Madaus ya nemo iri daga Amurka ya shuka a Jamus, ashe irin da ya samu na wani nau'i ne dabam da wanda ya je nema. Wannan kuskure ne ya sa yawancin binciken Turai ya karkata kan nau'in purpurea har yau.

Matakin farko bai ma shafi kwalbar ba. A fara tabbatar da cewa mura ce. Mura tana zuwa da atishawa, yoyon hanci ko toshewarsa, ƙaiƙayin maƙogwaro, ɗan tari da kasala, jiki kuma bai cika yin zafi rau ba. In akwai zazzaɓi mai ƙarfi, rawar sanyi, ciwon gaɓoɓi, ɗacin baki ko amai, to a Legas ta damina abin da za a fara zargi shi ne cizon sauro. A je a yi gwajin jini na ɗan yatsa, minti 15 zuwa 20 an ga sakamako. Ekineshiya ba ta kashe ƙwayar maleriya, ba ta taɓa taifot, kuma kwana uku da mutum zai ɓata yana shan ta a kan zazzaɓi na iya kai shi gadon asibiti. Na taɓa goshin kawu da bayan hannu, babu zafi, amma duk da haka sai da ruwa ya tsagaita muka taka aka yi masa gwajin. Bai nuna komai ba.

Mataki na biyu, a juya kwalbar a nemi abu biyu: wane nau'i ne, kuma wane sashe na tsiron aka yi amfani da shi. Nau'o'in ekineshiya sun kai tara, amma uku ake magani da su, kuma sunayensu na Latin ne za a gani a rubuce: purpurea, angustifolia da pallida. Sashen kuwa ko dai saiwa, wadda ake rubutawa root ko radix, ko ganye da fure, da ake rubutawa herb ko herba. Kwalbar da ta ce Echinacea kawai, ba nau'i ba sashe, kamar buhu ne da aka rubuta wa "hatsi", ba ka san gero ba ne ko dawa ko maiwa. Ni dai ba na sayen irinta.

Dalilin wannan naci shi ne sinadaran da ke ciki sun bambanta ƙwarai daga nau'i zuwa nau'i, har daga saiwa zuwa ganye. Gida uku ne manya.

Na farko su ne alkamaid, kuma su ne suka fi ɗaukar hankalin masana. Suna da ɗabi'ar mai, wato ba sa son narkewa a ruwa, sun fi sakin jiki a cikin alkohol ko mai. Sun fi taruwa a saiwar angustifolia da ta purpurea, ganye yana da kaɗan, pallida kuwa kusan babu. Su ne ke sa harshe ya yi zir-zir in an tauna saiwar. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 2005 ya gano su a jinin mutane minti 20 kacal bayan haɗiyar ƙwayar, ke nan suna ratsa hanji su shiga jiki da gaske. A 2006 kuma masu bincike a Suwizalan suka nuna cewa wasunsu na manne wa wata 'yar ƙofa da ke jikin ƙwayoyin garkuwa, wadda ake kira CB2, ƙofar da ke da hannu wajen kwantar da kumburi. Abin lura a nan, masu talla na cewa tsiron yana "tayar da garkuwar jiki", alhali sinadarin da aka fi tabbatar da shigarsa jini ya fi kama da mai lallashin garkuwar in ta fusata. Yawancin wahalar mura ai daga faɗan da jiki ke yi ne, kumburin hanci da majina duk nasa ne.

Gida na biyu dangin asid ne masu kare ƙwayoyin halitta daga lalacewa: sikorik asid, kaftarik asid, ekinakosaid da sinarin. Purpurea ce mai arzikin sikorik asid, musamman a fure da saiwa, amma ekinakosaid kusan babu shi a cikinta. Angustifolia da pallida su ke da ekinakosaid, sinarin kuma alamar angustifolia ce. Shi ya sa kamfanoni ke auna su don tantance nau'i, suna kuma buga adadinsu a jikin kwalba kamar abin alfahari. Sai dai wancan bincike na Ostireliya bai same su a cikin jini ba. Sikorik asid ma ba sai an je Amurka ba, akwai shi a latas da ɗaɗɗoya. Ga shi da saurin lalacewa, da zarar an daka ɗanyen tsiro aka bar shi da danshi, sinadaran cikinsa da kansu ke cinye shi.

Na uku dogayen sarƙoƙin sukari ne da ake kira folisakaraid, masu narkewa a ruwa. A kwalabar gwaji suna zaburar da fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye ƙwayoyin cuta, kuma daga nan maganar ƙarfafa garkuwa ta samo tushe. Amma manya ne, da wuya su ratsa hanji yadda suke. Wani abin mamaki, a 2008 masu bincike a Jami'ar Mississippi sun nuna cewa kaso mafi yawa na wannan zaburarwa da ake gani a ɗakin gwaji daga ɓurɓushin bakteriyar da ke zaune cikin tsiron yake fitowa. Pallida tana da nata sinadarai na dabam masu saurin canzawa in iska ta taɓa su, akwai kuma ɗan mai mai ƙamshi a dukkan ukun, amma ba su ne abin dubawa a kanti ba.

To, a taƙaice ga mai saye: ko saiwar angustifolia, ko saiwar purpurea, ko matsattsen ruwan ɗanyen ganye da furen purpurea, wanda shi ne hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da shi don mura. Kwalbar kawu ta ce saiwar purpurea ce. Nan dai ta ci jarrabawa.

Mataki na uku gajere ne. In a Najeriya aka saya, a duba lambar NAFDAC. Magungunan ganye da yawa lambarsu na ƙarewa da harafin L, ma'anarsa an duba cewa ba ya cutarwa, ba wai an tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta ba. A duba ranar ƙarewar aiki, a duba hatimin murfi. Kada a sayi wadda ke shanye a rana a kan tire ko a bayan mota. Kuma kada a ɗauka duk abin da ya fito daga waje tsarkakakke ne. A wani bincike da aka wallafa a 2003, an sayo kaya iri 59 masu sunan ekineshiya a shagunan birnin Denver na Amurka aka auna, shida daga ciki ba a sami ko ɗigon tsiron ba, kuma kusan rabi ne kawai abin da ke ciki ya dace da nau'in da aka rubuta. Tun da daɗewa ma akwai saiwar wani tsiro, Parthenium integrifolium, da 'yan algus ke cuɗawa a ciki saboda kamanni.

Kafin mataki na huɗu, wanda ya ƙunshi ɗanɗanawa, dole a tsaya a tambayi kai ko ana cikin waɗanda bai kamata su kusance ta ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Duk wanda shuwaka ko tazargade ko ƙurar furanni ke tayar masa da borin jini, ƙaiƙayi ko toshewar numfashi, ya bar ta, tunda gidansu ɗaya. Mai asma ya yi hattara sosai, don an sha samun waɗanda ta tayar wa ciwon, har da waɗanda fuska da maƙogwaro suka kumbura. Yaro ƙasa da shekara 12 ba a ba shi. Hukumar magunguna ta Ingila ta faɗi haka a 2012, kuma tun a 2003 wani gwaji a kan yara 'yan shekara 2 zuwa 11 a Amurka ya nuna ba ta rage musu murar ba, sai ma ƙuraje da suka feso wa kashi 7.1 cikin 100 na waɗanda suka sha, alhali a ɓangaren waɗanda aka ba na bogi kashi 2.7 ne. Mai ciki da mai shayarwa su haƙura. Haka mai tarin tibi, mai cuta mai karya garkuwar jiki, mai ciwon da garkuwarsa ke yaƙar jikinsa, wanda aka yi wa dashen ƙoda, da mai shan maganin daji. Mai shan wani magani kullum, na hawan jini ne ko na farfaɗiya ko na tsinka jini, ya nuna wa likita ko ƙwararren mai harhaɗa magunguna kwalbar tukuna, domin tana taɓa yadda hanta ke sarrafa wasu magunguna.

Akwai wanda ya shafe mu kai tsaye. An gwada an ga tana rage saurin fitar kafeyin daga jiki, sinadarin nan da ke cikin goro da kofi da shayi. Mai gadi irin kawu, da ke raba dare da goro a kunci da kofin mai shayi a gefe, zai iya jin bugun zuciya da rawar hannu, gari ya waye kuma barci ya ƙi zuwa. A kwanakin shan ta a rage goro.

Mataki na huɗu shi ne gwajin harshe, kuma shi na fi so, don ba ya bukatar boko. Sai an gwada akan san na ƙwarai. A kurkure baki da ruwa, a bari a ɗan jima in an ci yaji ko goro ko an goge baki da man goge haƙori. In kafso ne, a murɗe shi a buɗe, a zuba garin a tafin hannu. A fara kallo: garin saiwa mai kyau a warwatse yake, launin ƙasa-ƙasa ko toka-toka, da ɗan ƙamshi. In ya dunƙule ya yi tauri ko yana warin rima, danshi ya riga ya shige shi. A dangwali kaɗan a ɗora a kan tsinin harshe, kada a haɗiye, a bar yawu ya jiƙa shi. In guntun saiwa ne, a gutsuri kamar ƙwayar wake a tauna a hankali da haƙoran gaba.

Da farko za a ji ɗanɗanon ƙasa da ɗan zaƙi-zaƙi, sai ɗaci kaɗan. A yi haƙuri minti ɗaya zuwa biyu. In alkamaid na nan da ransa, harshe zai fara zir-zir kamar ana tsikararsa da ƙananan allurai, yawu ya riƙa tsinkewa, sannan wurin ya yi dundum kamar ba naka ba na wasu mintuna. Wanda ya taɓa yin asuwaki da saiwar fasaƙwari, wadda Yarbawa ke kira orin ata, ake sayar da ita ɗauri-ɗauri a kasuwannin Agege da Mushin, ya riga ya san wannan ji. Ba banza ba, fasaƙwari ma tana ɗauke da sinadarai 'yan gidan alkamaid, kuma hikimar da ta sa mutanen Lakota tauna tasu saiwar don ciwon haƙori ita ce ta sa kakanninmu tauna tamu.

Na buɗe kafso ɗaya na kawu na ɗora a harshe. Minti ɗaya, biyu, uku, shiru. Na miƙa masa ya dangwala, ya mamula, ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan ai dusa ce." Ranar ƙarewar aikinta saura wata huɗu, amma garin ya dunƙule, kuma wa ya san shekara nawa ta yi a durowar matar gidan. Wani bincike a Niyu Zilan a shekarar 2000 ya nuna cewa saiwar purpurea da aka ajiye makonni 64 a zafin digiri 24 ta rasa fiye da kashi 80 cikin 100 na alkamaid ɗinta. Digiri 24 kuwa a Legas sanyin asuba ne.

Gwajin yana da iyaka. Saiwar pallida ba ta cika tsikarar harshe ba ko sabuwa ce, ruwan ganye ma tsikararsa kaɗan ce. Kuma zir-zir ɗin ba ya gaya maka yawan abin da ke ciki. Amfaninsa shi ne ya tona asirin saiwar da ta mutu ko wadda babu ita tun farko.

Mataki na biyar, zaɓen siffar da za a sha. Anan akwai maganar da ta shafi Musulmi. Ruwan ekineshiya mai ɗigo, wanda ke zuwa a ƙaramar kwalba mai duhu, galibi da alkohol ake tatso shi, wani har ya haura kashi 60 cikin 100, saboda alkamaid a nan ya fi narkewa. Matsattsen ruwan ganyen ma akan zuba masa alkohol don kada ya lalace. A karanta jerin abubuwan da ke ciki, in an ga ethanol ko alcohol an san inda aka dosa. Hukuncin shan magani irin wannan na malamai ne, amma tunda mura ba larura ce ta rai da mutuwa ba, kuma ga ƙwaya da gari da ganyen shayi, ban ga abin da zai kai mutum can ba. Ɓawon kafso kuma sau da yawa da jelatin ake yi, wanda ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi, mai son kauce masa ya nemi wanda aka rubuta na tsiro ne, ko ya buɗe ya juye garin a ruwan ɗumi.

Mataki na shida, haɗawa da sha. In garin saiwa ne ko guntayenta, ga ma'aunin da ke cikin bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1999 game da saiwar angustifolia: giram 1 na gari, wato kamar rabin cokalin shayi, a ruwan zafi mililita 150. Ledar fiya wata mililita 500 ce, ke nan ɗan ƙasa da kashi ɗaya cikin uku nata. A tafasa ruwan, a sauke, a zuba a kan garin a kofi, a rufe da faranti, a bar shi minti 10, a tace da rariyar shayi ko tsaftataccen ƙyalle. Ana sha sau uku a rana, tsakanin abinci. In guntaye ne, a daka na yini ɗaya kawai a ƙaramin turmi mai tsafta, wanda ba na yaji ba, don gari ya fi guntu saurin mutuwa. A kurɓa a hankali, a ɗan riƙe a baki kafin a haɗiye, maƙogwaro ya samu rabonsa. Zuma ko citta ko lemon tsami ba sa ɓata shi.

Kura-kurai biyu nake gani. Wasu na zuba ta a tukunya su yi ta dafawa kamar sassaƙen maɗaci. Wasu kuma na jiƙa ta a gora kwana da kwanaki kamar tsimi ko agbo, ana sha ana ƙara ruwa. Na farko yana gajiyar da sinadaran, na biyu kuma a zafin Legas gonar ƙwayoyin cuta ce. Kowane kofi a haɗa shi sabo. A kuma sani cewa jiƙon ruwa ya fi kwaso folisakaraid da sikorik asid, alkamaid kaɗan yake biyo shi, saboda haka shayin ya fi ƙwayar da aka yi da tataccen sinadari rauni.

In matsattsen ruwan ganyen purpurea ne, ma'aunin Turai ga wanda ya haura shekara 12 shi ne mililita 6 zuwa 9 a yini, a raba sau biyu zuwa huɗu. Cokalin shayi mililita 5 ne, kada a yi awo da cokalin cin abinci. Ƙwaya da kafso kuwa a bi abin da aka rubuta a jiki, domin ƙarfin tatsar kowane kamfani dabam ne, miligiram 400 na wannan ba ɗaya yake da 400 na wancan ba. Ninka awo ba ya kore mura da wuri, sai dai ya jawo tashin zuciya da ciwon ciki.

Lokacin farawa ya fi komai. Ana fara ta ne ranar da aka ji maƙogwaro ya soma ƙaiƙayi ko atishawa ta fara jeruwa. Wanda ya bari sai kwana na huɗu, majina ta yi kauri, ya makara, ya ajiye kuɗinsa. Kuma ba a wuce kwana 10. A rubuta ranar farawa a jikin kwalbar da biro. Ba abin sha ba ne kullum kamar shayin safe.

To me za a sa rai? Ba girin-girin ba, ta yi mai. A 2005 a Jami'ar Virginia an ɗiga wa 'yan sa-kai ƙwayar mura a hanci da gangan, cikin mutum 437 da aka ɗauka, wasu na shan saiwar angustifolia wasu na shan na bogi, ba a ga bambanci ba, ko da yake masu kare tsiron sun ce awon ya yi kaɗan. A 2010 a jihar Wisconsin an gwada mutum 719, waɗanda suka sha sun warke da wuri da kamar rabin yini, tazarar da masu lissafi suka ce tana iya zama dace kawai. A 2014 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 24 da suka ƙunshi mutum 4,631, ta ce ba a tabbatar tana gajarta mura ba, amma akwai alamar tana ɗan rage yiwuwar kamuwa, da kamar kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Iyakarta ke nan. A ganina, lafiyayyen babba da aka ba shi mai kyau kyauta, ya sha, ba laifi. Amma ɗan dako a Mile 12 ya ɗauki kuɗin abincin kwana uku ya kai kemis saboda ita, wannan ban goyi baya ba. Ruwan ɗumi da gishiri na kurkurar maƙogwaro, citta da zuma, sirace, busasshiyar riga da barci, ba su gaza ta da wani abin kirki ba.

Ana cikin sha, in aka ga borin jini, kumburin leɓe ko fuska, ko numfashi na fita da ƙyar, a daina nan take a nufi asibiti. Haka in zazzaɓi ya taso ya ƙi sauka, ko ƙirji na suka, ko kwana 10 sun cika ba sauƙi. Tarin da ya kai mako biyu kuwa na gwajin tibi ne, kuma kyauta ake yi a asibitocin gwamnati. Maganar maciji da mahaukacin kare da ta sa tsiron ya yi suna tun zamanin Meyer, a bar ta a tarihi. Saran maciji allurar kashe dafi yake so, cizon kare kuma wanki da sabulu da ruwa mai yawa sannan allurar rigakafi, ba tare da ɓata lokaci ba.

Wani abokina mai sayar da furanni a bakin titi ya tambaye ni ko za ta yi a nan. Tsiro ne da ya saba da hutun sanyi, irin angustifolia ma ba ya tsirowa da kyau sai ya sha sanyi na makonni, ba ya son ƙasa mai riƙe ruwa, kuma saiwar sai ta shekara uku zuwa huɗu ake haƙa. Na ce masa ya shuka ɗaɗɗoya.

Saura ajiya, wadda a garin nan ita ce rabin aikin. A bar ta a kwalbarta ta asali, murfi a ɗaure tam, kada a jefar da 'yar jakar nan mai tsotse danshi da ke ciki. A nesanta ta da taga, da saman firji, da kusa da risho. Guntayen saiwa a sa su a kwalbar gilashi mai murfi, a naɗe da takarda don haske, a tura can ƙasan akwati. Firji zai taimaka in wuta na tsayawa, amma inda ake ɗaukewa ana kawowa, kwalbar gumi za ta riƙa yi, gara akwatin. A sayi kaɗan, gwargwadon damina ɗaya, kuma duk lokacin da za a sake ɗaukowa a maimaita gwajin harshe.

Kawu dai bai sha ko ɗaya ba. Na daka masa citta da kanumfari, ya tafi da ɗan zuma a kwalba, murar ta yi kwanakinta bakwai ta wuce. Kafson mun juye su a shara, ya ce kada in kuskura maganar ta kai kunnen matar gidan, tunda don Allah ta ba shi. Kwalbar kuwa ya wanke ta, yanzu a ciki yake ajiye ashana a ɗakin gadi saboda murfinta ba ya shigar da ruwa.